Robar da Ya Naɗa wa Bututun Birki

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, bakanike ne, kuma ba ƙaramin bakanike ba. Idan mota ta shigo gareji tana tari, tun kafin direba ya kashe ta ya riga ya san abin da ke damunta. Mutanen garejin, Injiniya suke ce masa, shi kuma yana amsawa da jin daɗi. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya sa tsohon kaya ya ce sabo ne. Salla ba ta wuce shi. Na fara da wannan ne don kada wani ya saki jiki ya ce labarin mutanen banza ne, ba ruwansa. Mutumin nan da kun gan shi, da kun so ya zama maƙwabcinku. Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya. Bakinsa ba ya iya cewa, "Na yi kuskure."

Mahaifinsu ya rasu ya bar wata tsohuwar mota. Shekara goma sha biyu tana ajiye a bayan gida, tayoyi sun sace, tsatsa ta ci ƙasanta, kaji suna yin ƙwai a kujerar baya. Masu sayen ƙarfe sun yi ta zuwa, mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ta hana. Takan ce, "A cikinta babanku ya ɗauko ni daga asibiti ranar da na haifi Auta. Ku bari in mutu tukuna." Auta shi ne ƙanensa, su biyu ke nan gare ta. Ya girma ya zama direba, yana jan motar ɗaukar kaya. Yayan nasa ne ya koya masa tuƙi, kuma a wurin Auta duk abin da Yaya ya faɗa a kan mota ya zauna.

Wata shekara mutumin nan ya ce zai tayar da motar, don Inna ta sake shiga cikinta tun tana da rai. Niyya mai kyau ce, ko ba haka ba? Aka ja ta zuwa gareji. Garejin fili ne babba da masu sana'a da yawa suke tarayya a ciki: ga mai fenti, ga mai wayar mota, ga mai faci a bakin ƙofa, ga wani dattijo mai walda da ya fi kowa daɗewa, ana ce masa Baba Mai Walda. Rami ɗaya ne a tsakiyar filin da ake hawa da mota a shiga ƙarƙashinta, kowa da shi yake aiki. A irin wannan wuri ba a yin abu a ɓoye. Ko noti ka jefar, sai an sami wanda ya ji.

Wata takwas yana aikin. Ya sauke inji ya wanke shi yanki-yanki. Aka yanke ƙarfen da ya ruɓe aka sa sabo. Aka ɗinka kujeru. Mutane suka fara zuwa kallo, har waɗanda ba su da mota. Abin da ya fi burge su shi ne ƙarƙashinta. Ya goge shi, ya shafe shi da baƙin fenti, ya gyara kowace waya ta kwanta a layi. Sai mutum ya sauka ramin ya haska fitila ya ce, "Kai, wannan ai ko tabarma a shimfiɗa a ci abinci." Maganar nan ta shiga kansa ta zauna.

To, a wajen birki aka sami matsala. Bari in yi muku bayani a hankali, don a nan labarin yake. Idan direba ya taka birki, mai ne yake bi ta wani siririn bututun ƙarfe, bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, ya je ya matse tayoyi. Irin motocin wancan zamani kuwa hanya ɗaya ce take ciyar da tayoyin huɗu. Idan bututun ya huje a wuri ɗaya, man ya tsiyaye, birki ya tafi gaba ɗaya. Na wannan motar ya ruɓe, dole a sa sabo. Amma tankin manta na asali ma ya ruɓe, ba a sami irinsa ba, aka sa wani da ya fi shi faɗi, sai ya tare tsohuwar hanyar da bututun yake bi zuwa baya. Dole a sama masa sabuwar hanya.

Hanya biyu ce a gabansa. Ɗaya doguwa ce, ta zagayo ta gefen tankin, a fili, a kafe ta da maɗauri shida ko bakwai. Lafiyayya ce, sai dai duk wanda ya shiga rami ita zai fara gani, ta ratsa baƙin fentin nan kamar igiyar shanya. Ɗayar gajeriya ce, ta bi ta saman ƙarfen da yake riƙe da tayoyin baya, ta shige bayan tanki, ido ba ya ganinta. Ya sa hannu ya auna. Tsakanin bututun da ƙarfen akwai tazarar yatsa uku. Ya zaɓi gajeriyar.

Ranar da ya gama, mutane sun taru kamar yadda suka saba. Baba Mai Walda ya sauka ramin da kyar, saboda gwiwarsa, ya daɗe yana dubawa. Da ya fito ya kakkaɓe hannu ya ce, "Injiniya, aiki ya yi kyau. Amma ina ka kai bututun baya?"

Ya nuna masa.

Dattijon ya ce, "Yatsa ukun nan, ai mota ba kowa a ciki ka auna. Ka sa mata buhun yashi huɗu a baya ka sake aunawa. Tsohuwa ce, in ta ɗauki nauyi zama take yi."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Amma a gaban mutane ya yi ta, kuma mai fenti ya yi dariya ya ce, "To fa, yau an kama Injiniya." Auta ma yana wurin. Mutumin nan ya juyo wajen dattijon. Ya ce, "Baba, kai dai riƙe wutarka ka bar mana birki. Ƙarfe biyu ka iya haɗawa, ba ka taɓa tsayar da mota ba." Aka kwashe da dariya, dariyar ta koma kan dattijo. Daɗin haka ya ɗebe shi, sai ya ƙara da rantsuwa. Ya ce wallahi birkin motar nan babu kamarsa a garejin, uwarsa zai sa a ciki, wa zai koya masa tsoron abin da zai taɓa uwarsa?

Baba Mai Walda ya ce, "Allah ya sa haka," ya koma rumfarsa.

Ya 'yan uwa, har zuwa nan kuskure ne da zafin baki. Wane ne a cikinmu bai taɓa yi ba? Da a nan abin ya tsaya, da ban kawo muku labarin ba.

Bayan kwana biyu aka fita gwada mota. Abokan aiki biyar suka cika ta, ana ihu ana tafi, aka zaga gari aka dawo. Birki kuwa kamar a taɓa da yatsa, ta tsaya cak. Kowa ya ce Injiniya ya yi gaskiya. Da suka watse ya hau da ita kan rami don ya goge ƙurar ƙarƙashi. Ya kai fitila bayan tanki. Sai ya ga wani ɗan wuri a jikin bututun yana ƙyalli, fentin ya goge, ƙarfen ya ɗan lotsa. Bai fi girman ƙwayar wake ba. Duk ramin da suka faɗa a hanya, motar ta zauna, ƙarfen ya daki bututun.

Ya tsaya a cikin ramin nan shi kaɗai, fitila a hannu. Ya gane. Babu wanda ya fi shi sanin abin da wannan ƙyallin yake nufi. Daga inda yake yana jin ƙarar waldar dattijon.

Me ya rage? Ya cire bututun ya bi da shi ta doguwar hanya. Aikin rabin yini ne. To me ya hana shi? A nan ne sana'ar ta kama shi. Duk wanda ya kwance bututun birki, iska ta shiga, kuma sai an fitar da ita kafin birki ya kama. Fitar da iskar nan mutum ɗaya ba ya yin ta. Sai wani ya zauna a kujerar direba yana taka birki, kai kana ƙasa da sifana kana buɗe noti kana rufewa, kana ɗaga murya kana cewa, "Taka! Taka! Riƙe! Saki!" Taya huɗu, kowace sai an yi mata haka sau da yawa. Duk garejin an san wannan kiran. Ranar da aka ji shi daga ƙarƙashin motar nan, bayan rantsuwar da ya yi, ba sai an tambaya ba. Mai fenti zai leƙo. Dattijon ba zai ce komai ba, kuma shirun nasa shi ya fi tsoro.

Sai ya yanko robar tsohon tiyub ya naɗa wa wurin, ya ɗaure da waya. Ya ce a ransa, na kwana biyu ne, kafin in sami ranar da Baba bai zo ba.

Baba Mai Walda kuwa shekara talatin bai taɓa fashin zuwa ba. Kullum shi ke fara shigowa, shi ke fita ƙarshe, mai gadi ya kulle ƙofa a bayansa. Mutumin nan ya jira mako ɗaya, ya jira biyu. Ya ce to bari ya kai motar gida ya yi a can. Ya kai ta, ya ajiye a ƙofar gida, ya lulluɓe da tamfol. Amma a gida wa zai taka masa birkin? Auta. Auta da ya tsaya a gefensa ranar rantsuwa yana dariya yana cewa, "Yayana ke nan." Ya duba fuskar yaron ya ji ba zai iya ba. Ya sa makullin a aljihunsa, ya ce da kansa, muddin makulli yana hannuna babu abin da zai faru.

Kun ga yadda Shaiɗan yake yi? Bai taɓa ce masa kada ka gyara ba. Gobe kawai yake ce masa.

Inna tana da wa, Kawu, yana zaune a wani gari bayan tsauni, tafiyar awa biyu. Ya tsufa, yana fama da jinya. Burinta ta je ta gaishe shi a cikin motar mijinta. Ta yi maganar sau uku. Na farko ya ce fenti bai gama bushewa ba. Na biyu ya ce takardu ba su fito ba. Na uku ta ce, "Kai Babba, motar nan tawa ce ko ta masu kallo? Ka ce a gaban jama'a ta gama lafiya, Auta ya faɗa min." Ya yi dariya ya ce, "Ta gama lafiya, Inna. Sauran ɗan abu kaɗan." Ta ce wane abu? Ya ce, "Ba abin damuwa ba ne."

Uwarsa ce fa. Su biyu ne a ɗakin, ba mai fenti, ba dattijo. Da ya ce, "Inna, na yi kuskure a birki, kada kowa ya taɓa ta sai na gyara," me za ta yi masa? Za ta ce Allah ya yi maka albarka. Shi ke nan. Amma ya tashi ya fita da maganarsa a ciki.

Abin yana cinsa, kada ku ce ba ya cinsa. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya wuce motar sai ya kau da kai. Wata safiya ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya ga ɗan tuƙin da ya yi daga gareji zuwa gida ma ya fara cinye robar. Ranar ya yanke shawara. Zai sayo sabon bututu, ya lallaɓa da motar zuwa wani gareji can ƙarshen gari inda ba a san shi ba, a yi aikin a gama. Mai sayar da kayan mota yana nan kusa da garejinsu, tafiyar minti biyar, amma abokin hirar dattijon ne. Don haka ya hau mota ya tafi wata kasuwa mai nisa, a ɗaya gefen garin.

Yana tsaye ana auna masa bututu sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce, "Baban yara, an bugo jikin Kawu ya tsananta, Inna da Auta sun tafi. Ta ce a gaya maka kada ka ga babu mota hankalinka ya tashi."

Ya ce, "Wace mota? Makulli yana aljihuna."

Ta ce, "Ai Inna tana da ɗaya. Na marigayi, a akwatinta yake tun rasuwarsa. Har da buhun hatsi uku suka sa a baya, na gidan Kawu. Ka ga murnar da take yi kuwa? Sai shafa kujera take."

Ya ce yaushe? Ta ce an kusa rabin awa.

Ya kira Auta. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ya sake. Sai ya tuna. Shi da kansa ya koya wa Auta cewa direban kirki ba ya taɓa waya yana tuƙi, ko wa ke kira. Har kunnensa ya taɓa ja a kan haka. Yaron yana bin maganar yayansa ne. Ya kira wayar Inna, matarsa ta ɗauka, ta ce ga ta nan an manta da ita a kan tabarma.

Ya bar bututun a kan teburin mai kaya ya fita da gudu. Ya tare mai babur ya ce hanyar tsauni, ko nawa ne. Amma garin gaba ɗaya yana tsakaninsa da hanyar, shi ya kai kansa can. Rana tsaka, titi ya cushe. Suka shiga bayan wata babbar mota da ta mutu a mararraba. Yana kan babur yana danna waya, yana cewa, "Ɗauka, Auta, ɗauka, don Allah ɗauka." Yanzu a shirye yake ya faɗa. Yanzu da za a tara masa duk mutanen garejin, zai tsaya a tsakiya ya ce Baba ya yi gaskiya. Wa zai ji?

Da suka fita gari, akwai wuraren da aka yi tudu a kan kwalta don motoci su rage gudu. A na farko ya ga ɗigon wani abu kafin tudun. Ya sa mai babur ya tsaya, ya dangwala yatsa ya shinshina. Man birki ne. A na biyu ɗigon ya zama layi. A na uku ya yi faɗin tafin hannu. Duk inda Auta ya taka birki, kamar yadda aka koya masa, a nan man yake fita. Bayan nan hanya ta miƙe tana hawa tsauni, ba inda ake taka birki, bai sake ganin komai ba. Ya san abin da ke bayan tsaunin. Gangara ce doguwa, a ƙarshenta kwana, bayan kwanar gada.

Mai babur ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Ƙara wuta kawai."

Tun daga saman gangaren ya hango mutane sun taru a bakin gadar.

Inna ba ta kai asibiti ba. Hatsi ya watse a cikin kwarin, mutane suna takawa. Auta ya rayu, amma bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Mutane suka ce tsohuwar mota ce, ga kaya, ga gangara, ga saurin mai zuwa duba mara lafiya. Ba wanda ya kawo sunan Injiniya. Wasu ma shi suka fi tausaya wa, suna cewa, wata takwas yana wahala don ya faranta mata.

Da Auta ya dawo hayyacinsa ya kama hannun yayansa ya ce, "Yaya, na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na ja na hannu, bai riƙe ba. Ko ni na ƙona birkin? Ka sha gaya min in sauka gangara da giyar mota, ba da birki ba, ni kuwa ina sauri. Ka gaya min gaskiya, kai ka san mota."

Ya 'yan uwa, ga ƙofa an sake buɗe masa. Inna ta tafi, ba mai dawo da ita. Amma ga mai rai a gabansa yana neman ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Kun san me ya ce? Ya ce, "Ƙaddara ce, Auta."

Maganar gaskiya ce, ba mai musu. Amma ba don gaskiyarta ya faɗe ta ba. Ya naɗa ta ne a kan wurin, kamar yadda ya naɗa roba. Auta kuwa ya ji yayansa bai ce a'a ba. Ya juya fuskarsa bango.

Bayan wata ɗaya aka jawo gawar motar zuwa gareji don a yanka a sayar da ƙarfen. Baba Mai Walda aka ba aikin. Da la'asar ya zo wurin mutumin nan, ya ja shi bayan rumfa inda ba kowa, ya buɗe hannunsa ya sa masa wani abu. Guntun bututu ne, tsawon yatsa, da huji a tsakiya, ga ragowar roba da waya a jikinsa.

Dattijon ya ce, "Da bututun kaɗai na gani, da na ce kuskure ne, in jefar. Amma na ga roba." Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ɗana, da ka zo ka ce min Baba taka min birki, wallahi da na taka maka, ban kuma ce uffan ba. Ni ma na yi laifi da na yi maka magana a cikin mutane. Ba zan gaya wa kowa ba. Ba nawa ba ne. Amma akwai mai jiran wannan a gidanku."

Ya sa guntun a aljihu. Shekara biyu yana aljihunsa.

Kada ku ce bai kula da ƙanensa ba. Shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Duk abin da hannu zai iya yi ya yi. Harshe ne ya ƙi. Kullum zai shiga ɗakin da niyyar yau zan faɗa. Sai ya ga yadda Auta yake kallonsa, yana cewa, "Yaya, ban san da me zan saka maka ba," sai maganar ta koma. Da farko kalma uku ce. Yanzu ta zama dutse, don sai ya haɗa da cewa, na bar ka wata shida kana zargin kanka. Daga baya, na bar ka shekara. Kowace rana da ya yi shiru tana ƙara wa ta gobe nauyi.

Aiki ma ya gagare shi. Duk motar da aka kawo da matsalar birki sai sifana ta faɗi daga hannunsa. In ya ji wani a filin yana kiran "Taka! Riƙe!" sai ya fita waje ya tsaya. Masu kawo masa mota suka ragu, suka ƙare.

Auta kuwa yana ta ƙarewa. Likita ya ce ciwon bayan ba ya kisa. Amma yaron ya rage cin abinci, ya daina son a fitar da shi tsakar gida. In an ce ya ci, sai ya ce, "Wanda ya kashe uwarsa, me zai ci?" Matar yayansa ta yi ta ba shi baki, malamai suka zo suka yi masa nasiha. Ba su da maganin. Maganin yana aljihun mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa.

Wata safiya Auta ya sa aka kira shi. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Ya ce, "Yaya, zauna. Inna ba ta nan da zan roƙe ta. Kai kaɗai ka rage. Ka ba ni mota lafiya lau, na je na kashe mana uwa. Ka yafe min."

Hannun mutumin nan yana cikin aljihu, yana riƙe da guntun bututun, har wayar ta shiga namansa. Ya buɗe baki. Matarsa tana tsaye a ƙofa, da maƙwabta biyu da suka zo dubiya. Ya dube su. Ya dubi ƙanensa.

Ya ce, "Na yafe maka."

Auta ya ce, "Alhamdulillahi," ya rufe ido. Washegari da hantsi ya cika.

A wajen jana'iza ne abin ya ɓalle. Ana cikin mayar da ƙasa sai mutumin nan ya fito da guntun bututun ya ɗaga, ya ce, "Ni ne. Na gani, na naɗa roba. Ba shi ba ne, ni ne." Aka riƙe shi, aka ce zafin rashi ne. Ya ƙwace ya durƙusa a bakin kabarin yana faɗa wa ƙasa. Ƙasa tana ji?

Tun daga ranar bai daina faɗa ba. Matarsa ta yi iya ƙoƙarinta, daga baya 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita da yaran. Shi kuwa kullum yana zaune a bakin ƙofar garejin nan, kusa da mai faci. Duk motar da ta shigo sai ya tashi ya bi ta, ya nuna wa direba guntun ƙarfe ya ce, "Na yi kuskure. Baba ya yi gaskiya. A sa buhu huɗu a sake aunawa." Baƙi suna ba shi sadaka su ɗaga gilashi. Dattijon da ya yi wa dariya shi ne yake kawo masa abinci. Kalmar da ta gagare shi sau ɗaya, yanzu yana faɗinta sau ɗari a yini, ga mutanen da ba ta amfana musu komai.

Ya 'yan uwa, ni ban ce mutumin nan ɗan wuta ba ne. Wannan ba hurumina ba ne, rahamar Allah kuma ta fi laifinsa faɗi. Ina ma roƙonku ku sa shi a addu'a. Amma ku duba abin da ya rushe gidan nan. Ba bututun ba ne. Kowane mai sana'a yana bin hanyar da ba daidai ba wata rana, ya gani, ya warware. Abin da ya rushe shi girman kai ne, da son a yaba, da rantsuwar da ya ga gara a mutu da a ce ya janye ta. Kunyar rabin yini ya guda. Ya ba da uwarsa da ƙanensa da hankalinsa a madadinta.

Akwai gyaran da mutum ba ya iya yi shi kaɗai. Dole sai ka ɗaga murya wani ya ji. To ina tambayarku, ina tambayar kaina. Wa yake da wurin da ya naɗa wa roba? Magini, ka san bangon da ka rufe da filasta. Mai haɗa wuta, ka san wayar da ka tura cikin silin. Kai da ka yi wa ɗan uwanka ƙazafi ka gano ba haka ba ne ka yi shiru, kai da ka bar wani yana ɗauke da laifinka, kun san kanku. Kana cewa makulli yana aljihunka. Ka tabbata shi kaɗai ne? Kana cewa gobe. Wa ya ce maka wanda za ka faɗa wa zai kai goben?

In ka tashi daga nan, kada ka biya ko'ina. Ka je ka same shi tun kunnensa yana ji, ka ce, na yi kuskure. Za ka ji kunya, gaskiya ne. Amma kafin la'asar, kunyar ta wuce.

Allah ka sauƙaƙa wa harsunanmu faɗin gaskiya a kan kanmu. Allah ka jiƙan Inna da Auta da iyayenmu baki ɗaya, ka yaye wa bawan nan naka abin da ke damunsa. Kada ka bar mu da girman kanmu ko da na ƙiftawar ido. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka amince da aikin hannunmu. Amin.